Fedojin Malam Nuhu

Yaran da ke zuwa koyon aiki a situdiyona a Kaduna, kusan dukkansu da magana ɗaya suke shigowa: "Oga, ai haɗa kwantirola da kwamfuta ba wani aiki ba ne. Ka soka kebul, ka kunna, shi ke nan." Ba na musu da su. Ranar da abin ya yi, haka ɗin ne. Sana'ar tana farawa ne ranar da ka soka, ka kunna, fitilu suka kama tar, amma kwamfuta ta yi kamar ba ta san da zaman na'urar ba, ga mai kaya tsaye a kanka yana duba agogo.

Ga wanda bai sani ba, kwantirola wani allo ne kamar babban tire, jere da maɓallai da fedoji. Ba fedar keke nake nufi ba, wasu 'yan maɓallai ne da ake turawa sama a jawo ƙasa da yatsa. Ita kanta kwantirola ba ta fitar da sauti. Umarni take aika wa manhajar haɗa kiɗa da ke cikin kwamfuta: ɗaga wannan murya, rage waccan ganga. Masu kyau daga ciki suna da ɗan inji a ƙarƙashin kowace feda. Idan ka buɗe aikin da ka bari jiya, sai fedojin su tashi da kansu, kowace ta je ta tsaya inda ka bar ta. Kenan magana ce ta kai da komowa, na'ura ta faɗa wa kwamfuta, kwamfuta ta ba ta amsa. Aikina shi ne in gano inda maganar ta yanke.

Ni da gyaran rediyo da amfilifaya na fara, a shagon Baba Iliya, tun ina saurayi. A wurinsa na koyi riƙe ƙarfen solda da karanta mita, da sanin ƙaurin abin da ya ƙone tun kafin a kwance murfi. Na daɗe ina bin masu biki da majami'u da wuraren wa'azi ina haɗa musu lasifika. A 2016 wani kamfani mai sayar da kayan situdiyo da ba da hayarsu ya ɗauke ni zuwa Dubai. Sitonsu yana Jebel Ali, ni kuma na samu gado a wani filat a Karama tare da wasu 'yan Najeriya. Na je da furfura a gemuna, amma sai da na koma ɗan koyo.

Wanda aka haɗa ni da shi wani ɗan Sudan ne, Tijjani, muna ce masa Mu'allim. Kakanninsa Hausawa ne, saboda haka yana jin Hausa, sai dai tasa ta tsofaffi ce, gauraye da Larabci. Aikinmu na farko tare, wani Balarabe ne mai haɗa waƙoƙin talla ya kira yana faɗa, wai an sayar masa da mataccen kaya. Muna isa na ciro sukudireba, don a inda na fito, abin da ya ƙi aiki buɗe shi ake yi. Mu'allim ya dafa hannuna.

"Shwayya shwayya, a hankali, Dauda. Wannan ba rediyo ba ce. Ciki shi ne ƙarshen wurin da za ka duba."

Ya zare kebul ɗin da ke tsakanin na'urar da kwamfuta, ya ciro wani daga jakarsa ya soka. Nan take fedoji suka tashi. Ashe mutumin ya ɗauki kebul ɗin cajin wani abu ne ya yi amfani da shi. Irin wannan wuta kawai yake kaiwa, ba ya ɗaukar saƙo, kuma a ido ba ka bambance su. A mota Mu'allim ya ce da ni, "Daga bango za ka fara. Wuta, sannan kebul, sannan ramin da aka soka shi, sannan kwamfuta ta gan shi ko ba ta gan shi ba, sannan manhaja. Kuma abu ɗaya za ka canza a lokaci ɗaya. In ka canza uku ya gyaru, ba ka san abin da ka gyara ba, gobe zai dawo."

Jakata ba ta da wani abin burgewa. Mita, tocila, sukudireba ƙanana, buroshi mai laushi, gwangwanin iska na hure ƙura, hedfon, tef na yi wa waya alama. Sai kebul biyu da na gwada na amince da su, waɗanda ba na ba kowa aro. Ƙurar Dubai laushi gare ta kamar gari, tana shiga ramin feda ta haɗu da danshin na'urar sanyaya ɗaki ta zama ƙulli. Rabin abin da ake kira lalacewa a can, buroshi ne maganinsa.

Akwai wata majami'a ta 'yan ƙasarmu a wajen Jebel Ali, da kwantirolarsu ke ɗaukewa duk lokacin da mawaƙa suka yi zafi. Sun ce sun canza kebul har sun gaji. Na zauna na kalli yadda suke aiki. Sun jona na'urar da madannin kiɗa da wasu abubuwa duk a kan ɗan akwatin raba rami guda ɗaya, wanda ba shi da wutar kansa. Da zarar fedoji da madanni suka nemi wuta tare, sai ɗaya ya faɗi. Na ba kwantirolar raminta ita kaɗai a jikin kwamfuta. Wani kuma, Ba'indiye ne mai ɗan situdiyo a Karama, ya danne wani maɓalli lokacin kunnawa bai sani ba, na'urar ta koma magana da yaren wata manhaja daban. Ka tura feda ta farko, ta huɗu ta motsa a kwamfuta. Shi ya riga ya yanke cewa ta haukace. Duk wanda ka tambaya me ya canza, zai ce maka babu. Ba ƙarya yake yi ba. Abin da ya canza ɗin ne bai ɗauka a bakin komai ba.

Cikin masu kirana akwai Malam Nuhu, mutumin Zariya, yana zaune a Abu Hail da matarsa Hajiya Halima, ma'aikaciyar jinya a wani asibiti. Malam Nuhu ba ya gani, tun yana yaro ciwo ya tafi da idanunsa. Yana yi wa wani kamfanin shirye-shirye aikin tace sauti na Hausa, ana aika wa gidajen rediyo a gida. Kwamfutarsa tana karanta masa rubutu da murya, amma ba ta iya faɗa masa tsayin kowace murya a cikin shiri. Wannan da yatsu yake karantawa. Zai shimfiɗa hannu a kan fedoji, shiri yana tafiya suna motsi a ƙarƙashin yatsunsa, ya san wannan ta yi sama da yawa, waccan ta nutse. Mai ido in kwantirola ta ƙi, sai ya ja linzamin kwamfuta ya ci gaba. Shi in ta tsaya, aiki ya tsaya.

Ni na haɗa masa ɗakin aikin. Wani ɗan ƙaramin ɗaki ne a filat ɗin, irin wanda ake ginawa don mai aikin gida, da banɗakinsa a ciki. Na manna soso a bango don kada murya ta yi amsa-kuwwa, na ɗaure soket mai kyau a ƙarƙashin tebur da kusoshi, na naɗa wa kowane kebul tef daban yadda zai gane shi da taɓawa. Injiniya yake ce mini, ko da yake na sha gaya masa ba ni da takardar.

Sai shekarar korona ta zo. Bukukuwa da taruka suka tsaya cak, lasifikoki suka cika sito ba mai haya. Aka rage mana albashi, aka ce kowa ya zauna a gida. A lokacin da aka fi tsanantawa, ko fita sai ka nemi izini ta waya, kuma gyaran kayan kiɗa ba ya cikin dalilan da ake karɓa. A can kuwa bizarka a jikin aikinka take. Wanda aka sallama, zamansa ya ƙare.

Ana saura kaɗan a fara azumi, wata rana bayan azahar, Malam Nuhu ya kira ni.

"Injiniya, fedojina sun mutu."

"Fitilu suna kamawa?"

"Ina jin ɗumin na'urar, tana kunne. In na tura feda, sauti yana canzawa. Amma su ba sa motsi da kansu. Na buɗe shiri, suna nan kwance."

Ya gaya mini shirye-shiryen azumi ne a hannunsa, dole su isa gidajen rediyo kafin a ga wata. Kamfaninsu ya fara rage mutane, kuma an riga an yi maganar a ba wani mai ido aikin, ya yi daga Abuja.

"Me ya canza, Malam?"

"Ban taɓa komai a kwamfutar ba."

Na sa shi ya buɗe wata manhaja da ke ba ni damar ganin fuskar kwamfutarsa daga ɗakina, in sarrafa ta. Muryarsa kuma tana kan waya. Na bi hanyar da na saba. Na tambaye shi wuta, ya ce akwai. Na sa ya canza kebul da wanda na bar masa na ajiya, ba canji. Kwamfuta tana ganin na'urar, sunanta na nan. A cikin manhaja na duba ƙofar shiga da ƙofar fita, don sau da yawa bayan kwamfuta ta sabunta kanta, ta fita ce ke ɓacewa, na'ura ta yi ta magana ba a ba ta amsa. Duka biyun daidai suke. Na cire na'urar daga manhaja na sake saka ta. Na sa ya kashe komai ya kunna. Fedoji suna kwance.

Can na lura da wani abu. Irin waɗannan fedoji suna jin taɓawar yatsa. In ka ɗora yatsa, injin yana sakin feda don kada ya yi kokawa da kai, manhaja kuma ta fara rubuta abin da hannunka ke yi. A fuskar kwamfutar na ga alamar taɓawa tana kamawa tana ɗaukewa a kan dukkan layukan.

"Malam, ɗauke hannunka daga kan na'urar."

"Hannuwana biyu suna kan cinyata."

Na ce ya tsayar da shirin maza. Na'urar tana zaton ana taɓa ta, shi ya sa injinan suka saki. Abin da ya fi muni, duk lokacin da ya kunna shiri don gwaji, manhaja tana goge aikin da ya yi tana rubuta na banza a kai. Ban ɓoye masa ba. Ya ce, "To."

A nan ne na ji ɗakin. Na san yadda muryarsa ke fita a ɗakin da na manna wa soso, a bushe take, ba ta dawowa. Wannan "to" ɗin kuwa ta bugi bango ta dawo. Ga kuma gurnanin firji a bayansa. Daga nesa na ji tari, na mace, a bayan ƙofa.

"Malam Nuhu, ba a ɗakin aikinka kake ba."

"A falo nake."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da fedojin suka tsaya." Ya sassauta murya. "Mai ɗakina a sashen masu cutar nan take aiki. Ta dawo da zazzaɓi, an ɗauki gwaji, muna jira. Ta ce ba za ta haɗa iska da ni ba. Ɗakin aikina ne mai banɗaki a ciki, shi ta shiga ta rufe. Ni na kwaso kayan zuwa nan. Ba mu gaya wa kowa ba, Injiniya. In maganar ta isa Zariya, mahaifiyarta ba za ta iya ɗauka ba."

"Ba za ta fita daga bakina ba. Allah ya ba ta lafiya. Yanzu gaya mini, a ina ka jona wuta?"

Soket ɗin da na ɗaure yana can ƙarƙashin tebur a ɗakin da take. Shi sai ya lalubo wani ekstenshan da suke jona dutsen guga, ya jona komai a kai. Na ce ya bi wayar da hannu har bango, ya zare, ya faɗa mini ƙafa nawa fulogin ke da shi.

"Biyu ne. Sirara."

Soket ɗin bangon Dubai rami uku gare shi. Na ukun shi ne na ƙasa, wanda masu wayarin ke kira atin. Mutane suna tura fulogi mai ƙafa biyu a ciki da dabara, fitila ta kama, a ce lafiya. Dutsen guga zai yi zafi, firji zai yi sanyi. Amma feda mai jin yatsa da wannan waya ta uku take auna bambancin hannun mutum da iska. In babu ita, komai yatsa ne a wurinta.

Maganin shi ne a soka wayar kwantirolar kai tsaye a bango, da fuloginta mai ƙafa uku. Sai dai wayar gajera ce, soket ɗin kuma yana bayan talabijin, a ɗaya gefen falon. Dole a ja tebur da duk abin da ke kansa, kwamfuta da sifiku biyu da na'urar. Da ina wurin, aikin ɗan lokaci ne. Shi kaɗai ne, falon kuma ya hargitse tun da ya kwaso kaya, bai san inda komai yake ba.

Ya sa wayar salularsa a sifika ya ajiye. Sai na ji ƙarar buɗe ƙofa, da muryar Hajiya Halima a dishe, ta cikin takunkumi.

"Malam, na ji ku. Ina nan bakin ƙofa, ba zan matso ba. Sauke sifikun ƙasa tukuna."

"Ki koma ki kwanta."

"In ka gama zan kwanta. Ina wuni, Injiniya?"

"Lafiya lau, Hajiya. Ya jiki?"

"Da sauƙi. Malam, akwai kujera a bayanka, ture ta hagu."

Haka aka yi aikin. Ni ina faɗin abin da za a zare da abin da za a bari, ita tana faɗa masa inda zai sa ƙafa, shi yana ja. Tana yi tana tsayawa ta yi tari. Ƙafar tebur ta kama kafet, ta ce ya ɗaga gefen dama. Ya durƙusa bayan talabijin, ya zare fuloginta, ya lalubi ramuka ukun da yatsa, ya soka na kwantirola. Na ce ya kunna na'urar tukuna, ya bari ta gama farkawa, sannan ya buɗe manhaja.

A fuskar kwamfuta alamar taɓawa ta ɗauke. Ta cikin waya na ji wannan ƙarar da duk mai sana'ar nan ya sani, shuu, fedoji sun tashi tare.

"Sun dawo," in ji shi. "Ta uku ta yi sama da yawa."

"Wannan ɓarnar da aka rubuta ce. Bari in nemo maka ajiyar da manhaja ta yi kafin ranar."

Na samo ta. Abin da ya ɓata bai kai yadda na ji tsoro ba, shiri biyu ne sai ya sake bi. Kafin in kashe waya na ji ƙofar ta rufe.

Gwajin ya nuna tana ɗauke da cutar, aka zo aka tafi da ita wurin killacewa. Shi ya zauna shi kaɗai a filat ɗin, maƙwabcinsu yana ajiye masa abinci a bakin ƙofa, ya gama shirye-shiryen ya aika kafin a ga wata. Kamfanin bai sallame shi ba. Ita kuma ta warke, ta dawo gida cikin azumin, daga baya ta koma bakin aikinta.

Mu namu kamfanin bai farfaɗo ba. Mu'allim Tijjani ne ya fara tafiya, ya bar mini mitarsa. Na ƙarasa shekarar ina gyara ta waya, don mutane da yawa sun koma haɗa kiɗa a ɗakin kwana, kowa da irin tasa matsalar. A farkon 2021 aka rufe sashenmu, aka ce khalas, wato an gama. Malam Nuhu ne ya gaya wa kamfaninsu cewa suna bukatar wanda zai riƙa ɗaukar musu muryoyi a gida Najeriya, kuma ya san mutumin. Da wannan aikin na buɗe ɗakin da yaran nan suke koyo a ciki yanzu.

Kafin in taso na je Abu Hail sallama, da jakata, da niyyar in mayar masa da kaya ɗakin aikinsa. Na tarar da tebur yana nan jikin bango a falo, talabijin a ƙasa an juya fuskarta. Hajiya Halima ta kawo shayi ta koma kicin.

Na ce, "Yalla, tashi, Malam, mu kwashe. Sosonka na can yana jiranka."

"Bar su a nan, Injiniya."

"Falon nan yana amsa-kuwwa. Ga firji. Za ka riƙa jin abin da babu shi a cikin shiri."

"Na sani. Na koyi cire shi a kaina." Ya shafa fedojin da tafin hannu. "Ɗakin can ka gyara shi da kyau, in na rufe ƙofa ba na jin komai. Kwanakin da take ciki, sai na kafa kunne a jikin ƙofar kafin in ji ko tana numfashi. A nan kuwa ina aiki ina jin motsinta."

Daga kicin ana jin ƙarar cokali a jikin tukunya. Na shiga ƙaramin ɗakin na kwance soket ɗin daga ƙarƙashin tsohon tebur, na kawo shi falo na ɗaure, na gwada atin ɗinsa da mita. Na ɓamɓaro rabin soson na manna a bangon da ke fuskantarsa. Gefen kicin na bar shi yadda yake.